Don Me Sama Ke Fitowa Fari Fat A Hotonki?

Zancenmu na wannan mako na hoto ne. Yanzu da wuya gidan da babu wayar hannu mai kyamara, kuma mu mata mu ke yawan aikawa da hotuna. Gonar rake ta yi kyau a Rogo, a ɗauka a nuna wa ɗa da ke neman kuɗi a Legas. To, sau da yawa sai sama ta fito fari fat kamar an shafe ta da farar ƙasa, ko kuwa sama ta yi kyau amma gona da mutanen cikinta su yi baƙi ƙirin, har ba ki gane Iya sai ta zanenta. Sai a ce ai wayar ce ba ta da kirki. Ba haka ba ne.

Ki lura da idonki. In kin fito daga ɗaka zuwa tsakar gida da rana tsaka, ƙwayar idonki takan tsuke, in kin koma ta buɗe. Haka take yi duk inda kika waiga, ba da saninki ba. Kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa hoto duka, alhali hasken sama ya ninka na ƙasa sau da yawa. Misalinta kamar mace ce ta zuba wake da alayyafo lokaci guda a tukunya ɗaya. In ta jira wake, alayyafo ya narke. In ta sauke don alayyafo, wake da sauransa.

Inda abin ya fi tsanani a wajenmu shi ne madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, wajen kilomita 90 daga birnin Kano. Can haske biyu ne, na sama da wanda ruwa ke mayarwa kamar madubi. Shi ya sa masunta da kwalekwalensu kan fito kamar inuwa.

Ga abin da nake so ki riƙe. Wurin da ya yi duhu a hoto ana iya ƙara masa haske daga baya a cikin wayar, abin da ke ɓoye ya bayyana. Wurin da ya ƙone ya yi fari kuwa ya tafi ke nan, babu gwanin da zai komo da girgijen da ke ciki. Saboda haka sama za ki fara yi wa tattali. Ki ɗaga waya, ki taɓa fuskarta da yatsa daidai inda sama ta fi haske, za ki ga hoton ya ɗan dushe, girgije ya fito da siffarsa. A yawancin wayoyi wata 'yar alama mai kama da rana takan bayyana a wurin, in kin ja ta haske ya ragu ko ya ƙaru. Ki rage har shuɗin sama ya komo, sa'an nan ki tsaya, kada gona ta ɓace. In wayarki tana da haruffan nan HDR, ki kunna. Hotuna biyu ko uku take ɗauka cikin ƙiftawar ido, mai duhu da mai haske, ta haɗa su. Amma fa ki riƙe hannu da kyau, ki manna gwiwar hannu a jikinki.

Sa'an nan ki ba rana baya. Tun zamanin akwatin hoto na Brownie, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1900, dokar ke nan, har yau ba ta tsufa ba. Ki ɗauka da hantsi ko bayan la'asar. Da azahar ko ni ba na wahalad da kaina.

Lokacin shekara ma da nasa. Cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe sama, babu shuɗin da za ki nema. A nan ki sunkuyar da wayar, ƙasa ta ci kashi biyu cikin uku na hoton, ko ki sa reshen ɗorawa ko na mangwaro ya tare saman. Da marka kuwa, bayan an ɗauke ruwa, ƙura ta kwanta, sai ki ba sama babban rabo, don a ganina babu lokacin da ya kai wannan kyau.

In da mutum cikin hoton, zance ya sāke. Fatarmu baƙa ce, ita kyamara ke fara cuta in bayan mutum da haske. Ki juya shi ya fuskanci inda haske ke fitowa, ko ki kai shi bakin inuwa, ki taɓa fuskarsa a jikin wayar maimakon sama. In sama ta yi fari a wannan karon, ƙyale ta, fuskar Iya ake nema. Ki kuma nemi izini kafin ki ɗauki matar wani ko masunci a bakin aikinsa. Kafin duk wannan, ki goge idon kyamara da bakin mayafinki, don maiƙon hannun da ya fito daga madafa shi kaɗai ya isa ya mai da sama hazo.