Uwargida, kada ki yi shiru idan kin ji ƙaurin roba a motar gida

Uwargida, hancin nan da yake gaya miki shinkafa ta kama tun kina ɗaki, shi zai riga na kowa jin ƙauri a cikin mota. A gidaje da yawa motar ɗaya ce, a-kori-kura irin su Hilux: ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta ɗauko masara daga gona, ita ce ta zuwa biki a ƙauye. Idan kika ce kina jin ƙaurin roba, amsar direba ba ta wuce "ba komai Hajiya, zafin hanya ne." Mai yiwuwa ba komai ɗin. Amma wanda yake riƙe da sitiyari ba shi da hanyar sanin haka sai an tsaya an duba.

Don haka ki sa a tsaya a gefen hanya, a kashe injin, a fitar da yara su yi nesa da motar da kuma titin. Daga nan sai ki tuna lokacin da ƙaurin ya fara, ki kuma bi inda ya fi ƙarfi.

Idan daga gaban motar yake, fambel za a fara zargi, wato igiyar robar nan da injin ke juyawa. Idan ta saki ko ta tsufa, sai ta riƙa zamewa tana gugar ƙarfe har ta yi zafi. Takan ma yi kashedi tun da wuri: ƙarar "ƙiii" da kike ji idan an tayar da motar da safe ko an kunna esi. A yawancin motocin nan ita ke juya abin da ke cajin batir da famfon da ke zagaya da ruwa cikin injin. Ranar da ta tsinke, jar fitilar batir za ta kama, allurar zafi ta hau, idan kuma aka ce bari a lallaɓa a ƙarasa gida, injin ne zai ƙone saboda robar da ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Bayan an kashe motar an zare makulli ta huce, a duba ko fambel ɗin ya tsattsage, ko yana sheƙi, ko akwai baƙin gari a kewayensa. Kada ki leƙa injin yana aiki, domin fanka ba ta san mayafi ko hijabi ba. Idan za a sa sabo, ki ce maigida ya tambayi bakanike abin da ya cinye tsohon. In baƙin mai ne ke ɗiga a kansa, ko injin esi ne ya cije, sabon ma ba zai daɗe ba. Masu goga masa sabulu don ya yi shiru kuwa, bakinsa kawai suka toshe.

Idan ƙaurin ya biyo bayan hawan tudu da kaya, ko cunkoson motoci, to kuloci ne, musamman a hannun direban da ba ya ɗauke ƙafarsa daga kai. Alamar ya gama cinyewa ita ce injin ya yi ta ihu amma gudun bai ƙaru ba. Nan sai a faɗi gaskiya game da lodi. Irin waɗannan motoci abin da aka yi su su ɗauka bai wuce kusan tan 1 ba, har da mutanen ciki. Buhu 10 na masara mai kilo 100 ya riga ya cinye wannan lissafin kafin ke da yara ku shiga. Nauyin yakan danne bayan motar har taya ta riƙa gugar jikinta, za ki kuwa ga shaidar a gefen tayar.

Birkin hannu da ba a gama saki ba ma yana haka, ko birkin da ya cije a ƙafa ɗaya. A kai tafin hannu kusa da kowace ƙafa ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran hucin zafi ita ce mai laifin. Wani lokacin kuma leda ce kawai ta manne a salansa, sai a bari ta huce a kankare.

Wanda ba a wasa da shi shi ne ƙaurin wayarin. Kin san shi, irin na soket ɗin da ya ƙone a gida, mai yaji a hanci da maƙogwaro, kuma sau da yawa daga cikin motar yake fitowa. Yakan biyo bayan an sa sabuwar rediyo ko ƙarin fitilu, ko an ɗaura waya a gurbin fiyus ɗin da ya ƙone. Motar da ke ɗaukar hatsi kuma ɓeraye na son ta, su kuwa ba sa barin waya. Da kin ji wannan, kada a sake tayar da motar. In babu wuta, a cire kan batir mai alamar ragi, a kira mai gyaran wayarin ya zo inda take.

In kuwa hayaƙi ya fara fitowa ta gaban motar, kada a wangale murfin injin, domin iska ce abincin wuta. Kada kuma a watsa wa wutar fetur ruwa; tukunyar kashe gobara ko yashi ake so. A Najeriya ki kira 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Murfin lagireto ma ba a buɗe shi da zafi, tafasasshen ruwa ne zai yi tsiri zuwa fuska.

Idan an je gareji, ki ba wanda zai kai motar bayanin da kika tara: yaushe ƙaurin ya fara, da kaya ko babu, daga gaba ko daga ƙafa, da ƙara ko shiru. Ki kuma ce ya dawo miki da tsohon abin da aka cire a leda.