Ɗana Bai Zaɓi Fanni Ba Tukuna, Me Zai Rubuta A Takardar Neman Aiki?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo, manomi kuma mai saye da sayar da hatsi a kasuwar Ɗandume ta Jihar Katsina. Ya ce ɗansa ya sami tallafin karatu ya tafi wata jami'a a Amurka bara. Da ya tambaye shi ko likita yake karantawa ko injiniya, sai yaron ya ce wai bai zaɓa ba tukuna. Yanzu kuma yaron na son ɗan aiki a cikin makarantar, an ce ya kawo takardar tarihinsa, ya rasa abin rubutawa, tunda bai taɓa aikin ofis ba. Tambayar Alhaji biyu ce: anya yaron nan karatu yake yi? In kuwa yana yi, me zai rubuta?

To Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka kwantar da hankalinka. A nan gida Nijeriya, tun ranar da yaro ya cike fom ɗin hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, yake faɗin fannin da yake so, a kansa kuma ake ɗaukarsa. A Amurka ba haka ba ne. Digirin farko shekara 4 ne, kuma jami'o'i da yawa sukan bar ɗalibi ya ɗanɗana lissafi da kimiyya da tarihi da rubutu, sa'an nan ya tsai da fanni, galibi kafin ƙarshen shekara ta 2. Watau kamar mai sayen hatsi ne da ke zagaya rumfuna yana damƙa yana dubawa kafin ya yi ciniki. Saboda haka ɗanka bai kauce hanya ba, kuma masu ɗaukar ɗalibai aiki a can sun saba ganin irinsa.

Yanzu sai batun takarda. Abu biyu ake nema: takardar tarihin karatu da aiki, wadda 'yan boko ke kira CV, da kuma wasiƙar neman aikin kanta.

Ta farkon kada ta wuce shafi 1. A sama ya sa sunansa da lambar waya da adireshin imel. Kada ya sa hoto, ko ranar haihuwa, ko addini, ko maganar aure. Mu nan mun saba rubuta jiha da ƙaramar hukuma, domin ana duba rabon muƙamai tsakanin jihohi a aikin gwamnati. A can kuwa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda launin fata ko addini ko jinsi ko ƙasar asali, shi ya sa ma'aikatu ba sa son ganin waɗannan a takarda.

Daga nan sai karatu. Ya rubuta sunan jami'a da shekarar da yake sa ran gamawa. A gurbin fanni, ya faɗi gaskiya: bai tsai da fanni ba tukuna, amma hankalinsa ya karkata ga kaza. Kada ya kuskura ya rubuta fannin da bai shiga ba don takarda ta yi kyau. Wanda zai ɗauke shi a makarantar yake, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya lissafa darussa 3 ko 4 da ya yi waɗanda suka dace da aikin. Makinsu a can bisa 4.0 ake auna shi. In nasa ya kai 3.0, ya sa, in bai kai ba, ya bar shi.

Sai mu zo inda yaron ya maƙale, watau gurbin aikin da ya taɓa yi. Alhaji, a nan kai ne za ka taimake shi. Yaron da ya tashi a gidan manomi ɗan kasuwa ba zai ce bai taɓa aiki ba. Wa ke rubuta maka bashi a littafi ranar kasuwa? Wa ke ƙirga buhuna in ana lodi? Wa ke tsayawa kan 'yan ƙodago ranar girbi, ya biya kowa haƙƙinsa da yamma? In shi ne, to wannan riƙon amana ne da iya lissafi da iya mu'amala da jama'a, su ne kuma ake nema wajen mai zama a ɗakin karatu ko kantin makaranta ko ɗakin cin abinci. Sai dai ya rubuta da adadi. Alal misali, maimakon ya ce ya taimaki mahaifinsa, sai ya ce ya riƙe littafin ciniki shekara 3, yana lura da shigar buhu kaza da fitarsu kowane mako. Adadin ya zama na gaskiya. In ya koyar da ƙananan yara a Islamiyya, ko ya yi shugaban ɗalibai a sakandare, duk ya sa. Haka nan harsuna: Hausa da Turanci, da Larabci in yana ji. Ni kaina da nake karatun malanta, kunyar ambaton gona nake yi a takarda, sai daga baya na gane cewa ita ce shaidar da na fi ƙarfi a kanta.

Ita kuwa wasiƙar, sakin layi 3 ya isa. Na farko ya faɗi aikin da yake nema da inda ya ga sanarwa. Na biyu ya ɗauko abu ɗaya ko biyu daga tarihinsa ya nuna yadda suka dace da aikin, ya kuma ambaci rashin tsai da fannin a jimla ɗaya, ba tare da ban haƙuri ba. Na uku ya faɗi sa'o'in da yake da sarari, ya yi godiya. Ban da roƙo da kukan talauci, irin su a taimake ni don Allah. Mai aiki so yake ya ji amfanin da za ka yi masa. Kowane aiki kuma da wasiƙarsa, kada a buga guda ɗaya a raba ko'ina. In za a nemi masu tsaya masa, ya fara neman izinin malaman kafin ya ba da sunansu.

Akwai gargaɗi guda. Ɗalibin waje mai bizar F-1 an yarda ya yi aiki a cikin makaranta har sa'a 20 a mako lokacin karatu, ya ƙara lokacin hutu. Aiki a wajen makaranta kuwa sai da izini, wanda ya yi ba izini yana iya rasa zamansa a ƙasar gaba ɗaya. Don haka kafin ya karɓi kowane aiki, ya leƙa ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje. Sa'an nan ya kai takardun nasa ofishin ba ɗalibai shawara kan aiki, wanda kusan kowace jami'a ke da shi, a gyara masa kurakurai.

Ku ma iyayen da 'ya'yanku ke nan gida suna karatun share fage, irin su IJMB, ba su kai ga shiga fanni ba, shawarar ɗaya ce: a faɗi matsayin karatu yadda yake, a rubuta aikin gona da na kasuwa ba kunya.

Alhaji, in kun yi waya, ka tuna masa da littafin bashin nan. Allah ya yi wa karatu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.