Jak Ba Ya Riƙon Amana

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, mai tsohuwar mota a ƙasar nan bai sake numfasawa ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, darajar naira ta zube, kayan gyara kuma, waɗanda kusan duk daga waje ake shigo da su, suka yi tashin gwauron zabi. Wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba ya san abin da nake faɗa. To, ga kuɗin kaya, ga kuɗin bakanike, ga cefane na jira. Shi ya sa yanzu idan ka zaga unguwa da safiyar Asabar za ka ga Golf 3, ko 406, ko Carina E a ƙofar gida an buɗe mata baki, maigida da sufana a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, yana kallon wani Bature yana kwance injin cikin minti goma.

Ba na zargin kowa da neman sauƙi. Mutum ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya canza fulogi, ya goge kan batir, ya ƙara wa taya iska, wannan kula da dukiya ne, kuma da ma ya kamata kowane mai mota ya iya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake tsallakawa daga nan zuwa ayyukan da kuskure ɗaya a cikinsu yake ƙarewa a makabarta, kuma ana yin su a tsakar gida, inda yara ke wasa, inda ake hura wuta.

Mafi muninsu shi ne kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ɗan jak ɗin nan da ke zuwa a but, don canza taya aka yi shi, a kan ƙasa mai tauri, ba tare da ko hannun mutum ya shiga ƙarƙashi ba. Na mai kuwa, wanda ake bugawa ya tashi, wata 'yar roba ce a cikinsa take tare man, kuma idan ta tsufa babu sallama take saki. Ƙaramar mota irin Golf ko Corolla ta kai tan guda, 406 ta fi haka nesa. Ka duba inda ake ɗaga ta: ƙasa mai rairayi, ko dandamalin siminti da ya gangara wajen magudana. Mutum ya kwanta a kan buhu, ya sa sufana a notin da ya shekara ashirin yana cin tsatsa, noti ya ƙi, ya tattara ƙarfinsa ya fizga. Wannan fizgar ce take karkata motar. Kan jak ɗin bai fi faɗin kwalbar lemo ba, ƙarfen ƙasan tsohuwar mota kuwa sau da yawa tsatsa ta riga ta cinye shi, sai ya lotsa ko ya zame.

Mutane suna zaton sai mota ta murƙushe ƙashi take kisa. Ba haka ba ne. Ya isa ta zauna a ƙirji. Ƙirjin da aka danne ba ya buɗewa ya ja iska, wanda ba ya jan iska kuma ba ya ihu. Uwargida tana iya kasancewa a madafa, taku goma tsakaninsu, ba ta ji komai ba. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna, kafin a ankara a tara maƙwabta a ɗaga motar, aikin gama ya gama.

Wasu sun ji wannan, sai su ce ai sun sa bulo. Bulon siminti mai rami a ciki an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a kansa cikin gini, amma ƙarfen mota wuri ɗaya yake dannawa, sai bulo ya dare lokaci guda. Birkin hannu ma a yawancin motocin nan tayoyin baya kawai yake kamawa, idan ka ɗaga bayan, babu abin da ya hana motar gangarawa. Wanda ba shi da ƙafafun ƙarfen da ake jingine mota a kansu, ba shi da katako mai kauri na tare tayoyi gaba da baya, ba shi da daɓe mai tauri da ya miƙe, to ba shi da hurumin shiga ƙarƙashin mota, ko da na leƙawa ne. Kuma don Allah a daina tura yaro. "Kai Abba, kai ne siriri, shiga ka riƙe mini nan." Uba ne ke faɗin haka da bakinsa, yaro kuma ba zai ce a'a ba.

Sai birki. A nan gangancin ya fita daga gidanka ya hau titi. Duk wanda ya kwance bututun birki ya mayar bai fitar da iskar da ta shiga ba, zai taka ya ji laushi, domin iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. A ƙofar gida motar za ta tsaya, har ya ce aiki ya yi kyau. A gangare da lodi ne gaskiya za ta fito. Akwai masu zuba baƙin mai a madadin man birki, shi kuwa kumbura robobin ciki yake yi har su lalace. Akwai masu dama ruwa da garin sabulu su ɗura, ruwa kuma tafasa yake idan birki ya ɗauki zafi, ya zama tururi, ƙafa ta tafi har ƙasa. Akwai mai toshe bututun da ke yoyo da ƙusa ya ci gaba da tafiya da tayoyi uku masu kamawa. Mai yin haka ya sani, ran ɗan makarantar da ke tsallaka titi da na mai tallar da ke gefen hanya ya sa a caca, kuma ba su ba shi izini ba.

Hayaƙin salansa kuwa bai kamata a ce sai an yi wa ɗan Najeriya dogon bayani ba, mu da muka sha jin iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida aka wayi gari babu mai motsi. Guba ɗaya ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200. Tsofaffin motocinmu da yawa an yanke musu abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi an sayar, don haka gubarsu ta fi yawa. Kunna mota a rufaffen gareji ko a zaure don a saurari ƙarar injin, musamman da sanyin hunturu an ja ƙofa, yana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ya ce bari ya ɗan zauna, daga nan ba ya tashi.

Fetur ma ana wasa da shi kamar ruwa. A zuba a roba a wanke kafireta, kusa da murhu. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya tarar da wuta inda take. A sa tiyo a tanki a zuƙa da baki. Idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ƙona shi yake. Kuskuren da ake tafkawa bayan haka shi ne a ɗura wa wanda ya sha manja ko madara don ya yi amai, aman kuma shi ke ƙara tura shi cikin huhu. Asibiti ake kai shi nan take. Haka ruwan batir da ruwan sanyaya injin mai launi, wanda zaƙi gare shi kuma yana kashe ƙoda: ana juye su a gorar lemo a ajiye bayan ƙofa, a gidan da ke da mai rarrafe.

Sabon bala'in da ya fi ba ni tsoro shi ne na gas. Gwamnati tana kiran mutane su mayar da motocinsu masu amfani da gas ɗin CNG, kuma yana da sauƙin kuɗi, babu musu. Amma kuɗin mayarwar ya fi ƙarfin talaka, sai aka fara bin bayan fage: a nemi tukunyar gas ɗin girki, ko mai walda ya haɗa wata, a ɗaure a but. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Iskar tayar mota ma'auni 2 ce da ɗoriya a ma'aunin matsi. Gas ɗin girki bai kai 20 ba. CNG kuwa a kan 200 ake ɗura shi. Tukunyarsa ta gaskiya ƙarfe ne mai kauri, curi guda, babu ɗinkin walda ko ɗaya, kuma a masana'anta ake gwada ta. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata gas a Benin ta jihar Edo, mutane suka jikkata, hukuma kuma ta ce tukunyar haɗin walda ce. Irin wannan mota ce ake ɗaukar iyali a cikinta, yara a kujerar baya, tukunyar na jingine da bayansu.

Na san amsar da ake bayarwa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa dogaro ga Allah yana nufin mutum ya jefa kansa a halaka ba. Na kuma san mai cewa makanikan ma ai a kan jak suke kwanciya. Gaskiya ne, da yawansu haka suke, kuma su ma wannan gargaɗin ya hau kansu, musamman iyayen gidan da ke tura yaran koyo ƙarƙashin mota su kuma suna zaune a benci.

Idan kuɗin gyaran birki bai samu ba, a ajiye motar a hau haya har ya samu. Uwargida, idan kin ga maigida ya shimfiɗa buhu zai shiga ƙarƙashi, ki fito ki tsaya, ki kwashe yara daga wurin, ki ce masa ya kira wani ya tsaya a kansa. Maƙwabci, kada kunya ta hana ka magana. Masu gidajen ɗura gas kuma, ku buɗe but ku duba kowace tukunya kafin ku sa mata tiyo, wadda kuka ga alamar walda a jikinta ku mayar da mai ita, ku sanar da hukuma inda aka haɗa masa.