Me ya sa intanet ɗin Wi-Fi ke rage gudu a kwamfuta bayan an jima ana aiki?

Matsala ce da ɗalibai, masu shagunan kwamfuta da masu aiki daga gida suka saba da ita: ana kunna kwamfuta intanet ya kama da gudu, amma bayan awa ɗaya ko biyu shafuka su koma tafiyar hawainiya.

Da yawa kan ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa, su sayi sabon layi ko ƙarin data. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan hasashe ya ƙara tsada. Alhali sau da dama matsalar tana cikin ɗaki, kuma ana iya gano ta ba tare da kashe ko sisi ba.

Gwajin farko

A haɗa waya da kwamfuta a kan Wi-Fi ɗaya, a auna gudunsu a shafin Fast.com ko Speedtest da zarar an kunna, sannan a sake aunawa lokacin da gudun ya ragu. Idan kwamfuta kaɗai ta ja baya, laifin nata ne. Idan duka biyun ne, sai a koma kan MiFi ko rauta.

Idan daga kwamfuta ne

Abin da ya fi yawa shi ne manhajojin da ke jan data a ɓoye. Windows kan fara sauke sabuntawa bayan an hau intanet, OneDrive da Google Drive kuma na loda fayiloli. A danna Ctrl, Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, a duba layin Network, nan za a ga manhajar da ke cinye hanyar. Kunna Metered connection a saitin Wi-Fi na sa Windows ta rage irin wannan saukewa.

Na biyu shi ne tsimin batir. Idan an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, tana iya rage ƙarfin da take bai wa katin Wi-Fi. Wanda ya lura gudun na faɗuwa a daidai wannan lokaci, sai ya sauya tsarin wutar zuwa Best performance.

Idan kashewa da kunna Wi-Fi na dawo da gudu na ɗan lokaci, ana zargin direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi. A sauke sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Network reset shi ne mataki na ƙarshe, domin yana goge kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana.

Idan daga MiFi ko rauta ne

Zafi na kan gaba, musamman a watannin Maris da Afrilu. MiFi da ya wuni a caji, a kan katifa ko a rana, yakan rage aiki domin kare kansa. A ɗora shi a wuri mai iska, a kashe shi na 'yan mintuna.

Sai cunkoso. Zangon 2.4GHz na da tashoshi uku kacal da ba sa shiga juna, wato 1, 6 da 11, kuma Bluetooth da Wi-Fi ɗin maƙwabta duk nan suke. Zangon 5GHz ya fi sarari, sai dai ba ya ratsa bango sosai. A kuma duba jerin na'urorin da ke haɗe, a sauya kalmar sirri idan an ga baƙo.

Lokacin tunkarar kamfani

Wasu tsare-tsaren data da ake tallatawa a matsayin marasa iyaka na rage gudu idan an kai wani adadi, don haka a karanta sharuɗɗan. Gudun da ke faɗuwa kullum da daddare kuwa alama ce ta cunkoso a turken sabis na unguwa.

A nan ne sakamakon gwaji ke da amfani. A kai wa kamfani ƙorafi da alƙaluman da lokutansu, a karɓi lambar ƙorafin. Idan ba a warware ba, ana kiran NCC kyauta a 622.