Ciwon Hanta Nau'in C Da Lafiyar Jaririn Da Ke Ciki

Mace mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in C takan shafe shekaru ba ta jin komai. Babu zazzaɓi, babu shawara, tana hidimar gidanta garau, alhali ƙwayar tana ta cin hantarta a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da cutar, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ranar da irin wannan mace ta samu juna biyu, lamarin ya shafi rai biyu.

Duk abincin ɗan tayi da iskar da yake rayuwa da ita ta mabiyiya suke zuwa masa. Binciken likitoci ya nuna cewa mata masu wannan cuta sun fi sauran mata haihuwar jaririn da bai girma yadda ya kamata a ciki ba, wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini da ya zo kafin mako 37. Masana suna danganta hakan da kumburin da ƙwayar ke haddasawa a jikin uwa, wanda kan iya raunana aikin mabiyiya. Irin wannan jariri yakan sha wahalar kama nono, sanyi yana saurin shigarsa, cututtuka ma haka.

Akwai alamar da bai kamata a raina ba: ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa a watannin ƙarshe, musamman da dare. Yana iya nufin ruwan matsarmama ya taru a jini, matsalar da ta fi samun masu wannan cuta, kuma tana iya kaiwa ga mutuwar jariri a ciki. Wadda ta ji haka ta garzaya asibiti.

Cikin jarirai 100 da iyaye mata masu ciwon hanta nau'in C suka haifa, kimanin 6 ne ke kamuwa, adadin kuma yakan kusan ninkawa idan uwar tana da ƙanjamau. Haihuwa ta tiyata ba ta rage wannan haɗari. Shayarwa babu laifi, sai dai idan kan nono ya tsage yana jini. Ana iya yi wa jaririn gwaji tun yana wata 2 zuwa 6, ko bayan ya cika wata 18.

Ta jini cutar take yaɗuwa: allurar da aka maimaita, aska ɗaya da aka yi wa mutane da yawa tsaga ko kaciya da ita, reza, da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Cin abinci tare ko musabaha ba sa yaɗa ta, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Saɓanin nau'in B, wannan ba ta da allurar rigakafi, amma tana warkewa. Magungunan zamani suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, galibi a mako 8 zuwa 12. An fi son a sha su kafin ɗaukar ciki ko bayan haihuwa. Tsohon maganin nan ribavirin kuwa yana nakasa ɗan tayi, mai ciki ba ta shan sa.

'Yar'uwa, idan kin je awo ki nemi a gwada jininki. Maigida, ka raka ta, ka biya kuɗin gwajin, kai ma ka miƙa hannunka a gwada ka.