Masara a ƙasa mai tsami: abin da ya sa buhun taki ba ya biya

Manoma da dama a yankin Gaya da kudancin Maraɗi suna kukan abu guda: sun zuba takin zamani, amma masara ta tsaya cak, ganyenta ya yi ja-ja tun tana ƙarama. Sau da yawa ba takin ne jabu ba, ƙasar ce ta yi tsami.

Malaman gona suna auna tsamin ƙasa da ma'aunin da ake kira pH. Masara ta fi jin daɗi daga 5,5 zuwa 7. In ya sauka ƙasa da 5,5, sinadarin aliminiyom da ke cikin ƙasa yana narkewa ya hana saiwa tsawo, ta gajarce ta yi kauri, ba ta kai inda danshi yake. Shi ne kuma, tare da ƙarfe, yake riƙe fosfor ɗin da aka zuba, shuka ba ta samu. Jan ganyen nan alamar yunwar fosfor ce. Ƙasarmu ta jigawa da ma ba ta da fosfor sosai, kuma zuba takin ure shi kaɗai shekara da shekaru yana ƙara mata tsami.

Gyaran yana farawa da abin da ke gida. Kashin dabbobi da ya ruɓe da karan da aka bari a gona suna rage ɓarnar aliminiyom. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore ya nuna haka. Matsalar ita ce kara yana da masu so, ga dabbobi ga danni. Tokar murhu ma tana kashe tsami, sai dai kada a haɗa ta da ure, don azot ɗin zai bi iska.

Akwai kuma fosfat na Tawa, dutsen da ake niƙawa. A ƙasa maras tsami yana jinkirin narkewa, amma tsamin da ke cutar da masara shi ne yake narkar da shi. A gauraya shi da ƙasa kafin shuka, kuma amfaninsa yana wuce damana ɗaya.

Shi ure a raba shi biyu, a binne gefen shuka bayan ruwa: kashi na farko bayan noman fari, na biyu kafin masara ta fidda tozali. Wanda ke da hali ya kai samfurin ƙasar gonarsa INRAN a auna masa kafin ya sayi buhu.