Man Bilicin da Fatar da Allah Ya Ba Ki

'Yar'uwa, in kin shiga kasuwar Arzeke a Parakou ko babbar kasuwar Djougou, za ki ga tebur cike da mai da sabulu masu hoton farar mace. Mai sayarwa zai ce miki na gyaran jiki ne. Da yawansu man bilicin ne.

Ba a kasuwa ciwon yake farawa ba, a gida ne. Yarinya tana tashi tana jin ana cewa farar mace alkyabbar mata. Ana yi wa ƙanwarta kirari, ita kuwa ana kiranta Baƙa. In ta yi aure, kishiya ta yi mata gori, miji ya yi shiru. Wadda ta sha wannan shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne in ta sayi mai. Don haka ba mu ga laifinki ba. Amma ki san abin da kike shafawa.

Baƙin fata ba datti ba ne. Wani sinadari ne mai suna melanin, wanda ke kare ki daga zafin rana. Man bilicin yana hana fata yin sa.

Mafi yawan cutar da muke gani a asibiti daga kortizon take. In kin ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone a kwali, shi ne. Magani ne mai ƙarfi, na ɗan lokaci, kuma da izinin likita. In ana shafa shi kullum, fata tana yin siriri, nankarwa mai faɗi ta fito a cinya da hammata, ƙuraje su cika fuska, makero da ƙazuwa su samu wurin zama. Yana ratsa fata ya shiga jini, ya kawo hawan jini da ciwon suga. Ranar da haihuwa ta zo da gardama aka yi miki tiyata, irin wannan fata ba ta riƙe ɗinki sosai, miki kuma yana daɗewa bai warke ba.

Na biyu haidirokwinon. Yana haskakawa da farko, daga baya ya bar baƙin tabo a kumatu da wuya, mai wuyar fita. Kwaddibuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, amma har yanzu irinsu suna yawo a kasuwanninmu. Na uku zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Tana kaiwa ga jariri a ciki, tana bin nono. Ba kowane kwali ke faɗin gaskiya ba, balle haɗin da ake zubawa a kwalba babu suna.

Ku maza, iyaye da dattawan ikilisiya, maganar ta shafe ku. Wanda ya yaba fari a gaban matarsa ko 'yarsa, ya riga ya aike ta kasuwa. Kada kuma a shafa wa yaro, ko kaɗan.

In kin daɗe kina shafawa, kada ki daina rana ɗaya, domin jikin da ya saba da kortizon yana iya rikicewa, fuska ta yi ja da zafi. Ki zo asibiti da man a hannunki, a auna jininki da suga, a nuna miki yadda za ki rage a hankali. Fatarki za ta yi duhu kafin ta daidaita, wannan yakan ɗauki watanni. A lokacin ki riƙa shafa man kaɗe tsantsa, ki rufe fuska daga ranar tsaka. In kina da ciki, ki gaya wa ungozoma tun awon farko.